KADARKON DA KE CIKIN KAN MUTUM

Duk wanda ya taɓa tsayawa a mahauta ya ga an fasa kan rago ko na sa, ya san ƙwaƙwalwa ba curi guda ba ce. Ɓari biyu ce, na dama da na hagu, suna kwance jikin juna kamar ɓarin goro. A tsakaninsu akwai wani kwari mai zurfi wanda ya taso daga wajen goshi har ƙeya. In aka sa yatsa aka buɗa kwarin nan a hankali, can ƙasa sai a tarar da wani farin abu mai faɗi ya gitta, ya kama ɓarin dama ya kama na hagu. In an taɓa shi a kan ji ya ɗan fi sauran ƙwaƙwalwar tauri. To, yadda ya ke a kan rago haka ya ke a kan ɗan Adam, sai dai na mutum ya fi girma nesa.

Likitocin duniya suna kiran abin nan da sunan da aka ba shi cikin harshen Latin, watau kofas kalosam, ma'ana abu mai tauri kamar kanta. Amma da ya ke gaɓa biyu ya haɗa, kamar yadda a kan gitta itace bisa rafi don mutane su riƙa ƙetarewa, a nan za a kira shi kadarkon ƙwaƙwalwa.

Labarin kadarkon nan abin mamaki ne. Ba a ɓoye ya ke ba, cikin hanyoyin ƙwaƙwalwa duka babu wadda ta kai shi girma, an kuwa yi kusan shekara 1,800 masana suna dubansa da idonsu, amma ba su tabbatar da aikinsa ba sai bayan 1960. Waɗansu sun ɗaukaka shi har suka ce shi ne mazaunin rai. Waɗansu kuma suka raina shi, suka ce bai wuce itacen tokara ba. Yadda aka yi aka fita daga wannan duhu shi ne abin da za a bayyana.

SIFFAR KADARKON

Tsawon kadarkon babban mutum, daga gaba zuwa baya, wajen inci 4 ne, watau santimita 10. In an raba ƙwaƙwalwa tsaka aka dube shi ta gefe, a tanƙware ya ke kamar baka. Masana sun kasa shi kashi huɗu. Can gaba akwai wani siririn tsini da ya lanƙwasa ƙasa, suka ce masa baki, don ya yi kama da bakin tsuntsu. Sai inda ya lanƙwaso, suka ce masa gwiwa. Sai gangar jiki, ita ce doguwa. Sa'an nan sai ƙarshensa na wajen ƙeya, mai kauri, wanda za a riƙa kira dunƙule.

Kadarkon nan zaruruwan jijiya ne aka jera su gefe da gefe, kamar zaren da masaƙi ya ja. Kowane zare ya fi gashin kai siranta ƙwarai, ba ya ganuwa sai da madubin likita mai ƙara girman abu. Yawansu ya kai miliyan 200 ko fiye, watau kamar a ce kowane mutum guda na Nijeriya a ba shi zare ɗaya. Kowane zare ya kan taso daga bayan ɓari ɗaya, ya nutsa, ya ƙetare, galibi ya sauka a wurin da ya yi daidai da mafarinsa a ɗaya ɓarin. Yawancinsu suna sanye da wata riga ta kitse. Ita ce ta sa kadarkon ya yi fari, ita ce kuma ke sa saƙo ya yi gudu. Saƙon kuwa wata 'yar wutar lantarki ce ƙanƙanuwa, ta kan ƙetare tun kafin a ƙifta ido.

Zaruruwan gaba suna haɗa wuraren shawara da shirya abin da za a yi. Na tsakiya suna haɗa wuraren motsi da na jin taɓi. Na baya, musamman na dunƙulen, su ke ɗauke da labarin abin da ido ya gani.

Akwai abu guda da ya wajaba a riƙe, in ba haka ba sauran labarin ba zai fahimtu ba. Ƙwaƙwalwa a giciye ta ke mulkin jiki. Ɓarin hagu shi ke juya hannun dama da ƙafar dama, ɓarin dama kuma shi ke juya na hagu. Gani ma haka ne. In mutum ya kafa ido a kan wani ɗigo, duk abin da ke hagu da ɗigon nan ɓarin dama ya ke fara isa, abin da ke dama da shi kuwa ɓarin hagu, ko da ido ɗaya ya ke dubawa ko da biyu.

Ba kowace dabba ke da kadarkon ba. Kaza ba ta da shi, kifi da ƙadangare ma haka, har kangaru na ƙasar Ostareliya, mai goyon ɗanta cikin jaka, ba ta da shi. Sai masu shayarwa waɗanda ɗansu ke girma a ciki yana ci ta mabiyiya, kamar tumaki da dawaki da birai da mutane. A cikin ɗan Adam ya kan fara tsirowa wajen wata uku da shigar ciki, kafin wata biyar ya yi siffarsa, amma rigar kitsen nan ba ta gama kauri sai bayan yaro ya balaga.

DAGA JALINUS ZUWA VESALIUS

Wanda ya fara rubuta bayanin kadarkon har rubutun ya iso zamanin nan shi ne Jalinus, wanda malaman da suka karanta littattafan tibbu na Larabci suka san sunansa. An haife shi a shekara ta 129, a birnin Fargamum, cikin ƙasar da a ke kira Turkiyya yanzu. Ya fara da yi wa 'yan wasan takobi magani, daga baya ya koma birnin Rum ya zama likitan sarakuna. A zamaninsa ba a feɗe gawar mutum, saboda haka shanu da birai da aladu ya riƙa feɗewa. Cikin ƙwaƙwalwar sa ya ga farin abin nan, ya kwatanta shi da kanta.

Amma hankalin Jalinus ba a kansa ya ke ba. A ƙarƙashin kadarkon akwai waɗansu koguna masu ruwa, shi kuwa ya ɗauka a cikinsu iskar rai ta ke taruwa, sa'an nan ta bi jijiyoyi ta motsa jiki. Waɗanda suka biyo bayansa suka ƙara, suka raba wa kogunan aiki: na gaba sake-saken zuci, na tsakiya tunani, na baya tuna abin da ya wuce. Likitocin ƙasashen Musulmi, har da Ibn Sina wanda ya rasu a 1037, da na Turai, duk a kan wannan suka tafi fiye da shekara dubu. Kadarko dai rufin ɗaki ne kawai a wurinsu.

A 1543 wani malamin fiɗa mai suna Andreas Vesalius, mutumin Brussels da ke koyarwa a jami'ar Padua ta Italiya, ya buga wani babban littafi na ginin jikin mutum mai zane-zane. Shi da hannunsa ya feɗe gawawwakin mutane, ya gyara kurakuran Jalinus da yawa. Ya zana kadarkon sosai, ya nuna cewa daga jikin ɓarin biyu ya fito, ya haɗa su. Amma da aka zo ga aikinsa, abin da ya gani shi ne yana riƙe ɓarin biyu, yana kuma tallafe abin da ke ƙarƙashinsa don kada kogunan su rufta.

MAZAUNIN RAI

Da aka daina yarda da zancen koguna sai masana suka shiga neman inda hankali ya ke cikin naman ƙwaƙwalwar kanta. A 1664 Thomas Willis, likita a Oxford ta Ingila, ya ce a cikin kadarkon ne sake-saken zuci ke aukuwa. Kafin wannan wani Bafaranshe mai zurfin tunani, René Descartes, ya kawo wata hujja da ta shiga kan mutane. Ya ce rai guda ne, kusan kome na ƙwaƙwalwa kuwa biyu-biyu ne, saboda haka sai a nemi mazaunin rai a wurin da ba shi da abokin tagwaitaka. Shi wata 'yar ƙwaya ya zaɓa can tsakiyar kai. Amma kadarko ma guda ne, a tsakiya ya ke, ya kuma fi ƙwayar nan girma da kwarjini. Saboda haka a farkon ƙarni na 18 Giovanni Lancisi, likitan Fafaroma, ya ce lalle nan ne fadar rai.

A 1741 La Peyronie, likitan fiɗa na Sarkin Faransa Louis na 15, ya goyi bayan wannan magana. Ya tara labarun mutanen da sassan ƙwaƙwalwarsu dabam-dabam suka lalace amma hankalinsu bai gushe ba, ya yi ta fid da sassan ɗaya-ɗaya har ya rage saura kadarko. Ya kuma ba da labarin wani saurayi da aka jefa da dutse a ka, mugunya ta taru can ciki bisa kadarkon. In ta taru sai ya fita hayyacinsa, in an zuƙe ta sai ya farfaɗo.

Wannan sarauta ba ta daɗe ba. A 1749 Johann Zinn, wani saurayin likita a Göttingen ta Jamus, ya yanka kadarkon karnuka, ya ga ba su faɗi matattu ba, ba su kuma daina ji da motsi ba. A 1784 Vicq d'Azyr na Faransa ya kawo maganar da ta fi kusa da gaskiya, ya ce hanya ce ta sadarwa tsakanin ɓarin biyu, sai dai ba shi da abin da zai tabbatar da ita. Johann Reil na Halle ya riƙa jiƙa ƙwaƙwalwa cikin barasa mai ƙarfi har ta yi tauri, ya bi zaruruwan ya ga inda suka nufa. Amma shi ne kuma a 1812 ya ba da labarin wata mace da aka buɗe kanta bayan ta mutu aka tarar ba ta da kadarkon sam, alhali ta girma, tana tafiya, tana magana. In rai a nan ya ke zaune, to, ita nata a ina ya zauna?

MUTUMIN DA YA IYA RUBUTU YA KASA KARATU

A 1861 Paul Broca, likita a Paris, ya duba ƙwaƙwalwar wani mutum da ya yi shekaru ba ya iya magana, ya tarar da rauni a ɓarin hagu. Ya ci gaba da tara irin waɗannan, har a 1865 ya bayyana cewa da ɓarin hagu a ke magana. Wannan ne dalilin da ya sa wanda ɓarin jikinsa na dama ya shanye sau da yawa harshensa ma ya kan karye. Daga nan aka gane ɓarin biyu ba aiki ɗaya su ke yi ba. In kuwa haka ne, dole akwai hanyar da su ke aika wa juna.

A watan Oktoba na 1887 wani dattijo attajiri, mai fataucin yadi a Paris, ɗan shekara 68, mai ilmi, ya wayi gari ya kasa karanta ko kalma ɗaya. Ya zaci idonsa ne, ya tafi wurin likitan ido. Likita ya ga yana ganin baƙaƙen sarai, har ya kan faɗi siffarsu, ya ce wannan ya yi kama da kaza, amma sunansu ya ɓace masa. Aka aika shi wurin Jules Dejerine, masanin ciwon jijiya.

Abin da Dejerine ya gani ya fi na farko ban mamaki. Maganar dattijon lafiya lau, hankalinsa garau. In an yi masa shifta ya kan cika shafi da rubutu ba kuskure. Amma in aka miƙa masa abin da ya rubuta da hannunsa, sai ya tsaya yana dubansa kamar wanda bai taɓa shiga aji ba. Lambobi kam yana gane su. In kuma ya bi siffar baƙi da yatsansa, sai motsin hannun ya gaya masa sunan baƙin. Haka ya zauna shekara huɗu da 'yan watanni, yana harkokinsa, bai sake karanta wasiƙa ba har ya rasu a Janairu 1892.

Da aka buɗe kansa sai aka tarar jijiyar jini ta toshe tun da daɗewa, ta kashe wurin gani na ɓarin hagu, ta kuma taɓa dunƙulen kadarkon. Ga yadda abin ya ke. Ɓarin dama yana ganin baƙaƙen, amma gwanin karatu a ɓarin hagu ya ke. Kamar a kawo wasiƙa wani ƙauye ne, malamin da zai karanta yana ƙetaren rafi, ga kadarko ruwa ya ci. Malam yana nan da ilminsa, yana iya rubuta tasa wasiƙar, amma wadda aka kawo ba ta da hanyar isa gare shi. Dejerine ya gane hanya ce ta yanke tsakanin gani da karatu, ko da ya ke bai ba raunin dunƙulen muhimmancin da masanan baya suka ba shi ba.

A 1907 Hugo Liepmann da abokin aikinsa Maas, a Berlin, suka ba da labarin wani majinyaci wanda in an ce ya yi abu kaza da hannun hagu sai ya kasa, ga hannun kuwa da ƙarfinsa. Bayan ya mutu aka tarar kadarkonsa ya lalace. Umurnin ya isa ɓarin hagu mai jin magana, amma bai ƙetara wurin ɓarin dama mai juya hannun ba. A 1924 kuma Konstantin Bykov, almajirin Pavlov a Rasha, ya nuna cewa abin da aka koya wa kare ta taɓa gefe ɗaya na jikinsa ba ya ƙetarawa ɗaya gefen in an yanke kadarkon.

LIKITOCIN FARFAƊIYA

Da an bi sawun mutanen nan da an huta tun wuri. Amma a tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu ra'ayin masana ya juya, da yawa suka ce ƙwaƙwalwa gaba ɗayanta ta ke aiki, zancen hanyoyi da yankewarsu tsohon yayi ne. Likitocin fiɗa kuma suka zo da abin da ya yi kama da shaida. A 1936 Walter Dandy na Baltimore, a Amurka, wanda ya kan tsaga kadarkon don ya isa ga ƙari can tsakiyar kai, ya ce bai ga wata illa da ta biyo baya ba.

Sai aka zo kan farfaɗiya. Ciwon nan wutar lantarkin ƙwaƙwalwa ce ke tashi gaba ɗaya ba tsari. Sau da yawa ta kan soma a wuri guda, ta bazu kamar gobarar daji, ta bi kadarko ta kama ɗaya ɓarin, mutum ya faɗi. William Van Wagenen, likitan fiɗa a Rochester ta jihar New York, ya lura cewa masu farfaɗiyar da wani ciwo ya ci kadarkonsu faɗuwarsu ta kan ragu. Ya ce, to, a yi yadda manomi ke share fili don ya tare wuta. A 1939 ya fara yanke kadarkon waɗanda magani ya gaza a kansu, a 1940 ya buga labarin mutum 10 na farko.

Wani likita mai suna Andrew Akelaitis ya jarraba fiye da mutum 20 daga cikin waɗanda aka yi wa aikin. Ya gwada maganarsu, da ganinsu, da hannuwansu, da hankalinsu, ya ga kusan babu abin da ya sake. An yanke zare miliyoyi, mutum ya tashi yana hira kamar aski aka yi masa! Abin ya ɗaure wa masana kai har ya zama abin ba'a. Warren McCulloch ya ce aikin kadarkon da aka tabbatar guda ɗaya ne, watau kai farfaɗiya daga wannan ɓari zuwa wancan. Karl Lashley kuwa ya ce watakila don ya hana ɓarin biyu zubewa ne. Bayan shekara 400 an komo inda Vesalius ya tsaya.

KYANWAR SHIKAGO

Waɗanda suka warware ƙullin su ne Roger Sperry da ɗalibinsa Ronald Myers, a jami'ar Shikago. Sun lura cewa in ana so a san ko saƙo yana ƙetarewa, sai a tabbata ɓari ɗaya kaɗai aka ba shi tun farko. Jijiyoyin idanu biyu suna da wata mararraba a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, inda rabin zaruruwansu ke giciyewa. Myers ya tsaga mararrabar nan a kyanwa, har ya zama idon hagu ɓarin hagu kaɗai ya ke kai wa labari, na dama kuma ɓarin dama.

Aka rufe wa kyanwar ido ɗaya, aka koya mata ta zaɓi ƙofa mai wata alama ta bar mai wata, in ta dace ta sami abinci. Da ta ƙware aka mai da rufin ɗaya idon. Nan da nan ta zaɓi daidai, watau karatun ya ƙetara. Sa'an nan aka ɗauki waɗansu kyanwoyi aka yanke mararrabar da kadarkon duka biyu. Su ma suka koya da ido ɗaya ba wuya. Amma da aka sauya ido sai suka koma jahilai, sai da aka sake koya musu tun daga farko. Har ana iya koya wa wannan ido ya zaɓi alama kaza, a koya wa wancan ya ƙi ta, ba su rikita juna ba. Aka fara buga wannan labari a 1953.

TSOHON SOJA

A 1954 Sperry ya koma Kalifoniya. A birnin Los Anjelis akwai wani tsohon soja ɗan shekara 48, wanda ya sami rauni a ka a Yaƙin Duniya na Biyu, farfaɗiya ta kama shi, magani ya gaza. Likitoci biyu, Joseph Bogen da Philip Vogel, suka yanke masa kadarkon gaba ɗaya a watan Fabrairu na 1962. Faɗuwar ta ragu ƙwarai. A hira kuma ba mai cewa an taɓa shi.

Wani ɗalibin Sperry, Michael Gazzaniga, ya zaunar da shi gaban allon majigi, ya ce ya kafa ido a ɗigon tsakiya. Sai a walƙa hoto a gefe ɗaya, ya ɓace cikin kashi ɗaya daga goma na sakan, kafin ido ya juya. Da aka walƙa a dama, hoton ya tafi ɓarin hagu mai magana, ya faɗi sunan abin. Da aka walƙa a hagu sai ya ce bai ga kome ba. Amma da aka ce ya nuna, sai hannunsa na hagu ya tashi ya nuna daidai. Ɓarin dama ya gani, ya gane, bakin faɗi ne ba shi da shi.

Aka yi ta gwada shi da waɗanda suka biyo bayansa. In an sa wa mutum cokali a hannun hagu inda ba ya gani, ba ya iya faɗin sunansa, amma hannun zai lalubo cokalin daga cikin tarkace. Aka kuma ga inda ɓarin dama ya fi gwaninta. Da aka ba tsohon sojan nan 'yan katakai masu launi ya jera su bisa wani zane, hannun hagu ya jera nan da nan, na dama ya yi ta fama, har na hagun ya riƙa kawo masa ɗauki sai an hana shi.

A nan aka gane abin da ya ɓad da Akelaitis. Da yawa cikin majinyatansa ba a yanke musu kadarkon duka ba. Ban da haka, ɓarin biyu cikin kai ɗaya su ke, ido yana yawo ya kai wa kowanne labari, kunne yana jin abin da baki ya faɗa. Kamar maƙwabta biyu ne da aka toshe ƙofar da ke tsakaninsu, amma suna leƙen kasuwa ɗaya ta taga. Sai an rufe tagogin a ke sanin ƙofar ta toshe.

Akwai wata jarrabawa da Gazzaniga da Joseph LeDoux suka buga a 1978. Aka nuna wa ɓarin hagu na wani saurayi ƙafar kaza, aka nuna wa na dama gida da dusar ƙanƙara ta rufe. Aka ce ya zaɓi hotunan da suka dace. Hannun dama ya ɗauki kaza, na hagu ya ɗauki shebur, irin wanda a ke kwashe ƙanƙara da shi a ƙasarsu. Da aka tambaye shi dalili, ɓarin hagu, wanda bai ga ƙanƙara ba, bai ce bai sani ba. Nan take ya ce shebur na share akurki ne. Ba ƙarya ya yi niyya ba, shi kansa ya gaskata. Wannan ya nuna ɓari mai magana gwanin ƙaga dalili ne, ko da labarin bai iso masa duka ba.

A 1965 Norman Geschwind na Boston ya tono rubuce-rubucen Dejerine da Liepmann, ya nuna ashe sun riga sun hango gaskiya. A 1981 aka ba Sperry kyautar Nobel, wadda ya raba da David Hubel da Torsten Wiesel. Ya rasu a 1994.

ABIN DA AKA SANI YAU

Yanzu akwai na'ura mai aiki da maganaɗisu, a kan ce mata Em-ar-ai, wadda ke nuna kadarkon mutum yana raye ba tare da an taɓa shi da wuƙa ba. An tabbata kadarkon yana kai labarin gani da taɓi da abin da aka koya. Yana daidaita hannu biyu in suna aiki tare, musamman wajen koyon sabon aiki. Ya kan kuma kai saƙon hani, wannan ɓari ya ce wa wancan ya dakata. A 1995 aka auna makaɗa a Jamus, aka ga waɗanda suka fara koyo kafin shekara 7 gaban kadarkonsu ya fi na sauran mutane kauri.

Wajen jariri 1 cikin 4,000 a kan haifa ba kadarko, ko da guntunsa. Waɗansu su kan sami wahalar koyo, waɗansu kuwa ba a sani sai an ɗauki hoton kansu don wani dalili. Galibi ba su nuna alamun da tsohon sojan nan ya nuna, don ƙwaƙwalwar jariri ta kan nemi ƙananan hanyoyi ta bi. Wannan ya amsa tambayar matar da Reil ya gani.

Har yanzu a kan yanke kadarkon, amma sai ga masu farfaɗiya mai tsanani wadda ke fyaɗa su ƙasa ba zato, yawanci yara, sau da yawa kuma kashi biyu cikin uku na gaba a ke yankewa a bar dunƙulen. Masu farfaɗiya wajen 7 cikin 10 maganin asibiti ya ishe su in sun samu suna sha a kan kari. Ciwon kuwa ba a ɗaukarsa ta taɓa mai shi ko ta yawunsa.

Zancen da ya bazu cewa wane da ɓarin hagu ya ke tunani, wane kuwa da na dama, bincike bai tabbatar da shi ba. Ko bahagwai ma, yawancinsu maganarsu a ɓarin hagu ta ke. Mai lafiya da ɓari biyu ya ke kowane aiki, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tambayar da ta rage ita ce wadda Gustav Fechner na Jamus ya tayar tun 1860: in an raba ƙwaƙwalwa, mutum ɗaya ne a ciki ko biyu? Sperry ya karkata ga cewa kowane ɓari yana da nasa sani. Waɗansu masana sun ce mutumin guda ne, labari ne kawai ya rabu. Muhawarar tana nan.

Abin lura cikin tarihin nan shi ne, Dandy da Akelaitis ba ƙarya suka yi ba, abin da suka gani suka faɗa. Sun yi tambaya ta hanyar da ɓarin biyu za su ji tare, suka sami amsa ɗaya, suka zaci kadarkon zaman banza ya ke yi. Da aka sami waɗanda suka tambayi kowane ɓari shi kaɗai, cikin 'yan shekaru abin da ya gagara tun zamanin Jalinus ya fito fili.

Mai karatu kuwa, tun da ya buɗe shafin nan kadarkonsa ke aiki. Duk inda idonsa ya tsaya a layi, baƙaƙen da ke hagu da wurin ɓarin dama su ke sauka, sai sun ƙetara tukuna su ke haɗuwa da 'yan'uwansu su zama kalma. Abin da dattijon Paris ya rasa ke nan a 1887.